Sharhin iPhone 11 ta hannu: ƙananan laifuffukan jikinta, da wanda za a yafe da wanda ba za a yafe ba

Kamfanin Apple ya fitar da iPhone 11 a watan Satumba na 2019, ya daina sayar da ita a 2022, amma har yanzu tana cikin wayoyin hannu da suka fi yawo a shagunan Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Dalilin a fili yake. Tana ɗauke da A13 Bionic, wato ƙwaƙwalwar wayar, wanda bai tsufa ba, tana karɓar iOS 26, kyamararta kuma ba ta ba mutum kunya. Wannan sharhi bai shafi gudu ko kyawun hoto ba. Jikin wayar za a duba: ƙarfe da gilashi da gam da ƙananan wayoyin ciki, da yadda suke zama bayan shekaru a hannun wani, sannan su faɗo cikin ƙurar hunturu da zafin bazara.

Ƙirar asali ba ta da abin kushewa sosai. Gefenta gorar ruwa ce, gaba da baya gilashi, nauyinta giram 194, kaurinta milimita 8.3, sikirin inci 6.1. Tana da nauyi a hannu, kuma bayanta santsi ne da shi, idan ka ajiye ta a hannun kujera ba riga sai ka tsince ta a ƙasa. Fentin gefen yakan goge a kusurwoyi da bakin ramin caji, baƙa da ja sun fi nuna wannan. Ba ya hana komai aiki, sai dai ya zama hujjar neman ragi.

Akwai abubuwa uku da masu saye suke ɗauka lalacewa ce, alhali haka aka ƙera ta. Idan ka girgiza wayar kusa da kunne za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas daga wajen kyamara. Babbar kyamarar tana da gilashin da ke lilo a kan maganaɗisu domin rage rawar hannu, idan ba a kunna ta ba yakan ɗan motsa. Na biyu, ramukan ƙasa na hagu ba sa fitar da sauti. Sipika tana dama ne kaɗai, na hagu makirfo ne, ɗayar sipikar kuma ita ce ta kunne a sama. Na uku, caji yana tsayawa a kashi 80. Wani lokaci tsarin tattalin batir ne da ya zo tun iOS 13, wani lokaci kuma zafi ne ya sa wayar ta dakata har ta huce. Haka nan ƴan ɗigon kore da ke fitowa a hoton dare idan ka fuskanci fitilar titi, hasken ne yake komawa tsakanin gilasan kyamara, canza kyamara ba ya maganinsa.

Maganar zafi tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Apple ya ce a yi amfani da wayar tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Afirilu ana wuce 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Abin da za ka gani shi ne sikirin ya dushe da kansa a cikin rana ko da ka kai haske ƙarshe, filasha ta ƙi kunnuwa, caji ya yi nawa. Wannan kariya ce. Asarar gaske a batir take. Ƙarfinsa 3110 mAh ne, an kuma tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, amma caji cikin zafi yana gajarta wannan lissafi. Barin waya a gaban mota, ko yin caji tana cikin riga mai kauri a ƙarƙashin matashi, shi ne yake kumbura batir. Alamar farko ita ce gefen sikirin ya ɗan ɗaga, ko wani farin tabo ya bayyana a tsakiya inda batirin yake turo shi daga ciki. Wayar da ta kai nan kada a danne ta a ce za a maida ita, a cire batirin kawai.

Ramin caji shi ne wurin da aka fi cin kuɗin mutane a banza. Lightning rami ne mai zurfi, duk sanda ka soka wayar caji kana tura audugar aljihu da ƙura zuwa ƙarshensa, har su dunƙule su hana kan wayar caji shiga sosai. Sai ka ga sai an karkata ta ko an danne kafin ta kama. Kashe wayar, ka samu tsinken sakace na icce, ka fere bakinsa, ka bi ƙasan ramin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ban da allura, ban da fil, domin akwai haƙora takwas a ciki da ƙarfe zai iya lanƙwasawa ko ya haɗa. Idan an share da kyau za ka ji kan wayar ya shiga da ɗan ƙas, ba a ganin farin ƙarfensa a waje. Duba kan wayar cajin ma, idan ɗaya daga haƙoran tsakiya ya yi baƙi, ita ce ta ƙone, ba ramin ba.

Idan an share, an gwada wayar caji mai kyau, amma har yanzu caji yana kamawa ta fuska ɗaya kawai ko kwamfuta ba ta ganin wayar, magana ta koma kan fanel, wato babban allon injin wayar. Akwai ƙaramin guntun da masu gyara suke kira Hydra, shi ne mai tantance abin da aka soka, kuma caja marar kyau, musamman ta mota ko wadda aka jona a janareto mai wasa da wuta, tana kashe shi. Gyaransa sai mai aikin madubin ƙara girma. A nan ya kamata a san cewa fanel ɗin iPhone 11 hawa biyu ne da aka liƙe da dalma, ba kamar na iPhone XR mai hawa ɗaya ba. Faɗuwa mai ƙarfi tana iya tsinka mahaɗin da ke tsakaninsu, sai sabis ko Wi-Fi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Waya mai lanƙwasasshen gefe, ko da sikirinta sabo fil ne, a bar wa mai ita.

Laifin da ya fi ruɗa mutane kuwa shi ne wayar ta riƙa mutuwa tana tashi duk bayan minti uku, kamar an saita mata agogo. Ba manhaja ba ce, filashin, wato sake ɗora mata manhaja, ba ya gyara ta. Tsarin wayar yana tambayar wasu na'urorin awo lokaci-lokaci, idan ɗaya ta yi shiru na daƙiƙa 180 sai ya sake tayar da komai. Amsar tana cikin wayar. Shiga Settings, Privacy & Security, Analytics & Improvements, Analytics Data, ka nemo fayil mai suna panic-full. Idan ka ga Prs0 ko mic1, fileks ɗin ramin caji ne, wato siririyar wayar ciki da ke haɗa shi da fanel, galibi an canza shi da na banza ko ruwa ya taɓa shi. Idan mic2 ne, fileks ɗin makunni ne wanda yake ɗauke da filasha da makirfon baya. Idan TG0B ne, wayar ba ta jin bayanin batir. Saboda wannan ne bai kamata a sayi wayar cikin gaggawa ba. Riƙe ta a kunne a hannunka aƙalla minti goma a shagon, ka kuma leƙa wancan wuri ko da ba ta mutu a gabanka ba.

Shi mic2 yana da alaƙa da gilashin baya. An liƙe gilashin da gam mai taurin gaske, ba a ɓare shi sai da injin leza da ƙanƙara, kuma a ƙarƙashinsa akwai naɗin cajin da ba ya buƙatar wayar caji da wancan fileks na makunni. Mai gyara marar haƙuri yana iya yanka ɗaya daga ciki bai sani ba. Ana gane bayan da aka canza ta wajen zoben kyamara: na kasuwa yawanci ramukansa sun fi faɗi domin a zura shi ba tare da cire zoben ba, za ka ga ɗan gibi ko gam a kewaye. Ta nan ƙura take shiga ta kwanta a cikin gilashin kyamara.

Sai sikirin, inda yawancin ha'inci yake. Apple da kansa ya amsa a Disamba 2020 cewa wasu iPhone 11 da aka ƙera tsakanin Nuwamba 2019 da Mayu 2020 sikirinsu yana daina jin taɓi, ya kuma canza kyauta na tsawon shekara biyu daga ranar sayen farko. Wa'adin ya wuce, don haka yau aljihunka ne. Gwajin mai sauƙi ne: danne wata alama a fuskar waya har su fara rawa, ka ja ta a hankali layi-layi daga sama har ƙasa, da gefuna. Duk inda ta kuɓuce daga yatsanka, wurin ya mutu.

Daga iPhone 11 ne wayar ta fara ƙorafi idan an saka mata sikirin da ba ta sani ba, kuma tun iOS 15.2 akwai tarihin gyara a cikin Settings, General, About. Amma kada a dogara da shi kacokan. A wannan samfurin batir da sikirin kawai yake nunawa, ba ya faɗin an canza kyamara. Sannan masu gyara sun iya ɗauke ɗan guntun tsohon sikirin su dasa a sabo, saƙon ya ɓace. Haka suke yi wa batir, su yanke allon tsohon su liƙa wa sabon ƙwaya, su maida lafiyarsa kashi 100. Wayar da ta shekara biyar tana nuna 100 ba tare da tarihin canji ba, ai biri ya yi kama da mutum. Ido ya fi saƙon gaskiya. Sikirin kasuwa yakan fi kauri har ya ɗan tsere wa gefen ƙarfe, farinsa yana karkata zuwa shuɗi, haskensa ba ya kai na asali a rana, yana kuma shan batir. Danne sandar haske a Control Centre ka duba ko True Tone, mai daidaita launin sikirin da hasken wuri, yana nan. Idan babu, an canza sikirin ba a kwafi lambarsa ba. Idan yana nan, bai wanke wayar ba, domin akwai na'urar kwafi a kusan kowane teburin gyara.

Face ID shi ne abin da ba a sasantawa a kansa. Wani ɓangarensa yana kan fileks ɗin sipikar kunne wanda ake cirewa daga tsohon sikirin a maida kan sabo, kuma an ɗaure shi da fanel ɗin wannan waya kaɗai. Idan ya yage wajen canji, ko gumi da ruwa suka bi ta ragar sipika suka ci shi, saka wani ba ya dawo da Face ID sai da aikin dalma mai laushi. Idan wayar tana ta cewa ka ɗaga ta sama kaɗan, ka sauke ƙasa kaɗan, ba ta gama rajista, yawanci mai watsa ɗigon haske ne ya ƙone. Kada ka yarda da “yana yi, ban dai saita ba”. Saita da fuskarka a wurin, ka kulle, ka buɗe sau uku. Ita ragar sipikar ma takan toshe da maiƙo da ƙura har murya ta yi ƙasa. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, kada a ɗiga mata komai, domin abin da ke bayanta ya fi ta tsada.

A takarda wayar tana da IP68, wato zurfin mita 2 na minti 30. Wannan magana ce ta sabuwar waya. Abin da yake tare ruwa siririn gam ne da ya zagaye sikirin, yana bushewa da shekaru, kuma duk wayar da aka taɓa buɗewa sai an sa sabo, abin da da yawa ba sa yi. Ɗauki ta hannu a matsayin wadda ba ta jure ko yayyafi. Ciro tiren sim ka haska cikin ramin, akwai ɗan tabo fari, idan ya koma ja ruwa ya taɓa shiga. Dubi kusoshi biyu masu kan tauraro da ke gefen ramin caji, idan bakinsu ya cinye an sha buɗe ta. Shinkafa kuwa, Apple da kansa ya ce kada a saka waya a ciki.

Masu babur su lura da wannan. A 2021 Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana lalata abin da ke daidaita kyamara idan an ɗaure wayar a kan hannun babur, ya kuma ce ko a ƙananan babura a sa maɗauri mai shanye girgiza. Alamar ita ce hoto ya riƙa rawa kamar ruwa, wani lokaci da ɗan zuuu daga kyamarar. Mai kai saƙo da ke bin taswira kullum gara ya sa ta a aljihu. Wajen saye, buɗe kyamara a 1x ka nufi rubutu na kusa sannan abu mai nisa, ka ga ko tana kamawa ba kai-kawo. Ta 0.5x ba ta da wannan daidaitawa, kuma dushi-dushinta a ɗaki mai duhu halinta ne. Makirfo uku ne, kowanne da gwajinsa: Voice Memos don na ƙasa, bidiyo da kyamarar gaba don na sama, bidiyo da ta baya don na baya.

Lambar samfur da ke shafin About ma tana da labari. Harafin farko M sabuwa ce aka saye ta, F wadda Apple ya sabunta, N wadda aka bayar a madadin wata. Akwai kuma wata lambar mai farawa da A: A2111 ta Amurka da Kanada ce, A2221 ta yawancin ƙasashe, A2223 ta Sin da Hong Kong mai cin sim biyu na zahiri, sauran kuwa sim ɗaya ne da eSIM. A ƙasan wannan shafi, wajen Carrier Lock, ya zama an rubuta No SIM restrictions. Idan an ce sai da wani ɗan siririn guntu a ƙarƙashin sim take kama layi, a kulle take, kuma sabis ɗinta zai riƙa yi maka wasa.

Hukuncin wannan sharhi: iPhone 11 da ba a taɓa buɗewa ba, mai lafiyar batir tsakanin 80 da 88, da gogaggen fenti da ɗan ƙarce a sikirin, ta fi wadda take ƙyalli ko'ina tana nuna 100. Ta farkon batir kawai za ka canza mata, ka tsaya a kan mai gyara ya sa sabon gam kafin ya rufe. Wadda aka canza wa sikirin ana iya saye idan taɓi ya wuce gwaji, Face ID yana aiki, kuma an rage kuɗi daidai da haka. Mai panic-full, da mai lanƙwasasshen gefe, da mai jan tabo a ramin sim, ko an ce ka kawo rabin kuɗi, ka matsa shago na gaba.