Meson, CMake ko Make: Wanne Ya Dace da Gwaji da Auna Manhaja?

Ɗalibai a nan Gusau suna yawan tambayata wace manhajar gini, wato wadda ke haɗa rubutun manhaja ya zama manhaja mai aiki, za su zaɓa domin aikinsu na harshen C, musamman idan suna son gwaji, da auna gudu, da sanin layukan da gwajin ya taɓa. Zaɓina Meson ne, kuma dalilina ya samo asali daga wata wahala da na sha.

Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a 1976, lokacin da aka taɓa fayil kawai yake dubawa. Na taɓa ƙara --coverage, mai kunna lissafin layuka, a umarnin GCC, manhajar da ke fassara rubutun C, ban share tsofaffin fayilolin da aka gina ba, sai Make ya ƙi sake gina su, na kwana biyu ina neman abin da ya hana gcov, manhajar da ke nuna layukan da gwaji ya taɓa, ba da rahoto, ga man janareta yana ƙonewa. Meson ba ya yarda a yi gini a cikin jakar da rubutun manhaja yake, kuma Ninja, manhajar da ke yi masa ainihin ginin, yana sake gini da zarar umarni ya canza. Saboda haka nakan buɗe jaka uku: ɗaya ta gwajin yau da kullum, ɗaya da b_coverage=true ba tare da GCC ya inganta gudun manhajar ba domin lissafin layuka ya fito daidai, ɗaya kuma da -pg da -O2 domin gprof, manhajar auna gudu, ya auna gudun da mai amfani zai gani. Python 3 da Ninja kawai Meson yake buƙata.

CMake da CTest, manhajarsa ta gwaji, suna aiki, amma sai mutum ya ƙara --coverage a umarnin GCC da hannunsa. Bazel, manhajar gini ta Google, ya yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi, kuma yana cin data.

Abin da ya fi damuna shi ne alkaluman bogi. Akwai masu karɓar kwangilar rubuta manhaja da ke nuna rahoton cewa gwaji ya taɓa kashi 100 cikin 100 na layuka, alhali gwajin nasu kiran aikin kawai yake yi ba ya duba sakamako. Wasu ba sa share fayilolin .gcda, waɗanda ke tara lissafin layukan da aka taɓa duk lokacin da aka kunna manhaja, sai tsohon gwaji ya kumbura sabon adadi. Kafin ka biya, ka sa a share su, a sake gwajin a gabanka, sannan ka ɓata layi ɗaya da gangan ka ga ko gwajin zai faɗi. Kada kuma ka ba kowa kuɗi domin Meson a filashi. Kyauta ne ƙarƙashin lasisin Apache 2.0.