Badaling ko Mutianyu: wanne ya fi ga mai yini ɗaya a Beijing?

Ɗan'uwa, ka ce yini ɗaya gare ku a Beijing, kai da Baba, kuna son ganin Babbar Ganuwar ƙasar Sin. Badaling da Mutianyu sassa biyu ne na ganuwar, duka biyun ginin zamanin daular Ming ne, kuma nisan kowanne daga birni kusan kilomita 70. Bambancinsu yana wajen hanya da cunkoso.

Badaling ya fi sauƙin zuwa. Jirgin ƙasa mai gudu yana tashi daga tashar Beijing ta Arewa ko ta Qinghe, cikin rabin awa kun iso. Akwai kuma bas mai lamba 877, sai dai a tasharsa za ka iya tarar da masu cewa bas ɗin ya daina aiki don su tura ka motarsu. Kada ka saurare su. Matsalar Badaling ita ce jama'a. A 2019 an ƙayyade mutum 65,000 a rana, amma duk da haka hanyar hasumiya ta 8 ta arewa (hasumiyoyin tsaron ganuwar lamba gare su) takan cushe, kafaɗa da kafaɗa, sai ka ɗauki hoto ka ga kawunan mutane sun fi ganuwar yawa.

Mutianyu babu jirgi. Ko ku ɗauki shatar mota, ko bas 916 daga Dongzhimen zuwa Huairou sannan tasi, awa biyu ke nan. Ladan wahalar shi ne sarari: ganuwa tana bin ƙoƙuwar duwatsu cikin itatuwa, Baba zai taka a hankali ba mai ture shi.

Inda baƙi ke yin asara a Mutianyu shi ne tikitin hawa. Motar igiya rufaffiya tana kaiwa hasumiya ta 14, kujerar igiya buɗaɗɗiya kuma ta 6, inda ake gangarowa da keken zamiya. Kamfanoni biyu ne daban, tikitin wannan ba ya aiki a wancan. Idan za ku hau nan ku sauko can, sai a sayi na tafiya ɗaya-ɗaya. Ga dattijo, rufaffiyar ta fi, kuma kada ku ce sai kun kai hasumiya ta 20, matakalarta miƙe take.

Ni dai Mutianyu zan ce muku, in dai za ku fita da sassafe. In lokaci ya ƙure, Badaling, amma ku sayi tikitin jirgi tun da wuri har na dawowa. Ku riƙe fasfo, da shi ake sayen tikiti, ku kuma kauce wa makon farko na Oktoba da hutun farkon Mayu.