Bioline HIV/Syphilis Duo a hannun sababbin masu bincike a Kumasi

Duk matashin da ya fara koyon binciken ƙanjamau da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, a jami'ar KNUST ko a asibitin Komfo Anokye, ba zai daɗe ba zai ci karo da wannan ɗan farantin gwajin jini. Huda yatsa sau ɗaya, a duba cuta biyu: ƙanjamau da tunjere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2015, kuma a Gana an fi saninsa a wurin awon ciki.

Don koyarwa, samun kamarsa sai an tona. Kwali ɗaya na ɗauke da 25. A goge yatsa, a bari ya bushe, a huda, a share ɗigon farko, a zuƙi maikurolita 20 na jini da ɗan tsinken roba, a zuba a ramin farantin, a bi shi da ɗigo 3 na ruwan gwajin. A karanta tsakanin minti 15 zuwa 20. Layi uku ne: C mai nuna gwajin ya yi aiki, HIV na ƙanjamau, SYP na tunjere. In C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Ɗalibi mai natsuwa zai iya wannan a yini guda.

Kuskuren da aka fi yi na lokaci ne. Mutum ya jera faranti shida, babu agogo, ya dawo bayan rabin awa ya ga wani dishi-dishin layi ya rubuta. Abin da ya wuce minti 20 ba sakamako ba ne. Sai zafi: ba a ajiye shi sama da digiri 30, alhali a watan Fabrairu da Maris kwalin da ya yini a bayan trotro, wato motar haya, ko a ɗakin kwano a unguwar Aboabo ya wuce haka nesa. A nemi akwatin sanyi.

Inda muke so ku tsaya sosai, ƙannenmu, shi ne layin SYP. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari yake gani, ita kuwa takan zauna har ƙarshen rayuwa. Matar da aka yi wa allurar fenisilin shekaru goma da suka wuce, ta warke sarai, layin zai iya fito mata. Haka wanda ya yi yos yana yaro, wato cutar gyambon fata da har yanzu ake samu a wasu ƙauyukan ƙasar nan, domin ƙwayoyin biyu dangi ne. Wanda ya ƙirga duk mai layi a matsayin mai tunjere a yanzu ya kumbura alƙalumansa, kuma wataƙila ya jefa aure cikin zargi. A bincike, dole a ɗebi jinin jijiya a yi RPR, gwajin da ke taimakawa a gane ko cutar tana nan yanzu. Mai ciki kam ba a sa ta jira, a haɗa ta da ungozoma a ranar.

Layin HIV ma ba hukunci ba ne, sai an tabbatar da sauran gwaje-gwajen da tsarin ƙasa ya tanada. Kuma ba ya raba nau'i na 1 da na 2, ga shi na 2 yana nan a Afirka ta Yamma.

A Zango kowa ya san kowa. Lamba ake rubutawa a jikin faranti, ba suna ba, kuma a karanta shi bayan labule.