Dakon tayil daga Ƙofar Ruwa: lodi ya yi, ajiya da saura

Na sayi tayil na falo da ɗakuna a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, na biya wani mai dakon kayan gini ya kai mini Haɗeja, ya kuma ajiye a sitonsa na can har gini ya kai ga daɓe.

Wajen lodi sai sambarka. Tayil ɗin mai santimita 60 da 60 ne, guda 4 a kwali, wato murabba'in mita 1.44, kuma kowane kwali ya doshi kilo 30. Yaransa suka shimfiɗa katako a bayan mota, suka jera kwalayen a tsaye bisa gefensu, wannan na jingine da wancan, suka cusa tsofaffin kwalaye a duk wata kafa don kada kaya ya yi motsi, sannan igiya da tamfol. Da na tambayi direban me ya hana a kwantar da su, sai ya ce, "Alhaji, tayil a kwance ba ya jure gargada. Na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin na sama, mota na faɗawa rami sai ya tsage ta tsakiya, kwalin kuwa lafiyarsa ƙalau. Sai ranar sakawa ka gani." Shi ne ma ya sa aka duba lambar launi da ke jikin kwalayen, domin tayil iri ɗaya kan bambanta kaɗan idan ba tare aka gasa su ba. Kaya ya isa ba fashi.

Siton ne ya ɓata mini rai. An sauke kwalayen a ƙasa tsura, jikin bango, ga damina ta kankama. Danshi bai cika yi wa tayil kansa illa ba, amma kwalin da ke riƙe da shi fa? Da muka je ɗauka, layin da ke bin bango ya yi laushi, gara ta fara ci. Yaro na ɗaga wani kwali gindinsa ya zube, tayil biyu suka guntule a kusurwa. Lambar launin da aka sha wahalar dubawa ta goge a wasu, sai da mai sakawa ya fito da su rana yana haɗawa da ido. Buhunan simintina da aka jingina a wurin kuwa wasu sun yi ƙulalai.

Katako kaɗan a ƙasa da tazarar taku ɗaya daga bango da sun hana duk wannan, kuma mutumin da ya iya lodi irin wancan ya san haka. Ya dai biya simintin ba gardama, rarar tayil kashi 10 cikin 100 da na saya ta cike gurbin abin da ya karye.

Dako zan sake ba shi gobe ma. Ajiya kuwa, sai na je na ga katakon da idona kafin a sauke kwali ko ɗaya.