Shagon tura fim mai tsofaffin fina-finan Hong Kong a Farm Centre

Jama'a duk mai son fim ɗin Chana wanda ba na faɗa ba, akwai wani ɗan shagon tura fim a Farm Centre, can ciki layin masu gyaran waya, yaron shagon yana da folda guda ta tsofaffin fina-finan Hong Kong na yaren Kantonis, yawancinsu baƙi da fari ne na shekarun 1950 da 1960. Babu tashi sama babu bos, barkwanci ne kawai da zaman gidan haya.

Wanda ya fi tafiya da ni shi ne The Greatest Civil War on Earth na 1961. Teloli ne biyu shago jikin shago, Leung Sing-po ɗan gari, Liu Enjia kuma baƙo daga arewacin Sin mai yaren Mandarin, kullum cikin gasa da cacar baki kowa na ganin nasa mutanen sun fi, sai ga shi gida ɗaya suke haya, 'ya'yansu mata kuma kowacce ta faɗa soyayya da saurayi daga ɗaya ɓangaren, wallahi har da hawaye na yi don dariya. Amma fa cunkoson gidajen haya da ake gani a fina-finan nan ba shiri ba ne, bayan 1949 mutane sun kwararo garin daga babban yankin Sin, gobarar unguwar Shek Kip Mei ta 1953 kaɗai ta bar sama da mutum 50,000 babu wurin kwana, shi ya sa za ka ga iyali guda a ɗan lungun da aka kare da katako. Akwai kuma The House of 72 Tenants na 1973, shi mai kala ne, ga rigimar famfo ga matar mai gida marar imani, 'yan kwana-kwana ma sai an ba su na goro kafin su saki ruwa. Duk wanda ya taɓa zaman haya a Brigade ko Kurna ba sai an masa bayani ba.

Inda shagon ya gaza, babu fassarar Hausa ko ɗaya, rubutun Turanci ne a ƙasa shi ma wani lokaci ya riga maganar, kuma rabin dariyar telolin nan a bambancin yare take, mu sai dai mu bi fuska. Wani kwafin sautinsa shuuu kamar rediyo ta rasa tasha. Yaron dai akwai haƙuri, kuɗinsa ba yawa, amma ku tafi da filas don suna cin wuri, kuma ku sa ya kunna muku farkon kowanne kafin ku biya.