Garmin Xero C1 Pro a hannun mai ɗura harsashinsa da kansa

Mai ɗura harsashi da hannu domin harbin nesa abu ɗaya yake bi: harsashi na biyu ya fita kamar yadda na farko ya fita, na goma ma haka. Saboda wannan ne muke auna albarushi ƙwaya ƙwaya, mu datse kwanso ya zama tsawo ɗaya, mu lura da zurfin da kan harsashi ya zauna. To amma duk wannan wahala a kan teburi take ƙarewa, ido ba ya ganin gudun da harsashi ya bar bakin bindiga da shi. Sai da ma'auni. Na daɗe ina aiki da Xero C1 Pro, ma'aunin gudun harsashi da kamfanin Garmin ya fitar a ƙarshen 2023, kuma ra'ayina a kansa shi ne: amfaninsa mafi girma yana cikin sauƙinsa, domin sauƙin ne ke sa mutum ya auna kowane harbi, ba 'yan kaɗan da ya zaɓa ba.

Ga wanda bai saba ba, ga dalilin damuwa da gudu. Ɗauki nau'in harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007. Kan harsashi mai nauyin giren 140 (giren ƙaramin awon nauyi ne) yakan fita da gudun kusan ƙafa 2,700 a sakan. A yadi 100, bambancin ƙafa 10 a sakan ba zai nuna komai a takardar da ake hari ba. A yadi 1,000 kuwa, wannan ɗan bambanci yana ɗaga harsashi ko ya sauke shi da fiye da inci 2. Idan tazarar ta kai 30 ko 40, saiti ya yi kyau, iska ta kwanta, amma harbi ya bi ta saman ƙarfen da ake hari ko ya faɗi ƙasansa.

Kafin wannan na'ura na yi aiki da irin ma'aunin nan mai idanu biyu, wanda ake kafawa ƙafa 10 zuwa 15 a gaban bindiga, harsashi ya ratsa ta samansa, ma'aunin ya kama inuwarsa. Sai an dakatar da kowa a filin harbi kafin a je a kafa shi, gajimare ya gifta lamba ta canza, rana ta karkata ya daina gani. Akwai kuma irin wanda ake ɗaurawa a jikin bututun bindiga, kamar MagnetoSpeed. Lambarsa abin dogaro ce, sai dai duk nauyin da aka rataya wa bututu yana iya sauya inda harsashi ke sauka, don haka da yawa ba sa gwada gudu da taruwar harbi a lokaci guda. Ma'aunin LabRadar ya riga Garmin kawo rada (radar) ga talakan maharbi, amma babba ne, kuma yana son a saita fuskarsa sosai ga abin da ake hari.

Xero kuwa ya shiga aljihun riga. Ka buɗe 'yan ƙafafunsa uku, ka ajiye shi a gefen bindiga, inci 5 zuwa 15 daga bututu, ɗan baya da bakin, fuskarsa na kallon inda kake harbi. Ka zaɓi nau'in makami da zangon gudu, ka sa nauyin kan harsashi in ka ga dama, shi ke nan. Yana aiki da rada irin ta Doppler: ya aika igiya, ta bugi harsashi ta dawo, daga sauyin da ta samu ya lissafa gudu. Yana karanta daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a sakan, wato har kibiya da bindigar iska. Hasken rana ko duhun rumfa bai dame shi ba, yayyafi ma haka. Batirin a cikinsa yake, ana cajinsa da USB-C, kamfanin ya ce yana kai awa 6, ni dai bai taɓa mutuwa a hannuna kafin in tashi ba. Manhajar ShotView tana kwashe lambobin zuwa waya, amma ba dole ba ce, allon na'urar yana nuna komai.

Inda zancen ya yi daɗi shi ne lambobi biyun da maharba ke alfahari da su, ES da SD. ES ita ce tazara tsakanin harbi mafi gudu da mafi sanyi. SD kuma tana gaya maka yadda gudun harbin duka ya warwatsu daga matsakaici. A da, da yake kafa ma'auni aiki ne, mutane sukan harba uku ko biyar, su ga SD ta tsaya a 4 ko 5, su ɗauki hoto su ce sun gano sirrin bindigarsu. Yanzu da na'ura ke zaune tana rubuta komai ba tare da an taɓa ta ba, sai ka ga lambar tana hawa a hankali yayin da harbi ke ƙaruwa, har ta zauna a inda take da gaske. Ba harsashin ne ya lalace ba, lissafi ne. Idan gudu ya warwatsu yadda aka saba, ES ta harbi 5 takan zama kusan ninki 2.3 na ainihin SD, ta harbi 10 kusan ninki 3, ta harbi 30 kuma ta ɗan haura ninki 4. Ashe wanda ya ce ES ɗinsa 12 ce bai faɗi komai ba sai ya faɗi harbi nawa ya ƙirga. Hukunta ɗuri da harbi uku kamar yaba miya ne daga ƙamshi.

Wannan ya taɓa wata al'ada da ta yaɗu: a jera ɗuri goma, kowanne ya ɗara na baya da ɗan albarushi, a harba ɗai-ɗai, a nemi wurin da gudu ya yi kamar ya tsaya, a ce nan ne wurin kwanciyar bindiga. Na maimaita irin wannan jeri da Xero a ranaku daban-daban, wurin kwanciyar yana ƙaura. Da na tattara lambobin duka, sai layi ya miƙe: ƙarin albarushi, ƙarin gudu. Ban ce kowa ya yarda da ni ba, masu wannan hanya suna cin gasa. Amma yanzu gwajin ya yi sauƙin da kowa zai iya yi da kansa, maimakon musu.

Sauran abubuwan da ya fito da su fili ƙanana ne amma masu amfani. Sabon bututu yakan ƙara gudu bayan harbi ɗari ko fiye. Harsashin da ya zauna a rana, ko ya daɗe a cikin bindiga mai zafi, yakan fita da sauri. Sabon gwangwanin albarushi, ko da suna ɗaya ne, ba lallai ya ba da lamba ɗaya da tsoho ba.

Akwai abin da ba a yi shi dominsa ba. Gudun bakin bindiga kaɗai yake ba ka, ba ya nuna yadda harsashi ke rage gudu a hanya, wanda LabRadar na asali yake yi na ɗan nisa. Wanda ke son tantance yadda kan harsashinsa ke keta iska zai koma ga allon nesa. Abu mafi muhimmanci, ba ya auna matsin da ke cikin bindiga. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi, ta ƙayyade wa 6.5 Creedmoor iyakar matsi 62,000 a awon psi, kuma babu inda wannan akwati zai nuna maka ka kusa ko ka wuce. Abin da zai iya yi shi ne gargaɗi: idan gudunka ya zarce na littafin ɗuri da nisa alhali tsawon bututu ɗaya ne, ba sa'a ka yi ba, matsi ne ya hau. Ka tsaya, ka koma kan adadin da masu albarushin suka wallafa.

Mafarauci da ke harbi a yadi 200 da harsashin kamfani zai rayu lafiya ba tare da shi ba. Mai ɗura nasa da ke wuce yadi 600, ni zan ce ya fara sayen wannan kafin ya canza sikelin awon albarushinsa zuwa mai tsada, domin sai ya san SD ɗinsa ta gaskiya a harbi 20 ko 30 zai gane ko sikelin ne matsalar, ko wuyan kwanso, ko babu matsalar ma sam.