Murafen kwalba ko layin gawayi?

A ajinmu na ƙaramar sakandare a Gombe, hanya biyu na gwada wajen tara lambobin ƙasa da sifiri.

Murafen kwalbar lemo: ja bashi ne, fari kuɗin hannu. A ce −3 da 5: ja uku, fari biyar, kowane ja ya cinye fari guda, saura fari biyu. 'Ya'yan 'yan kasuwa nan take suke kamawa, ai sun san bashi. Sai dai kafin a tashi rabin murafen sun shige aljihu.

Layin lambobi da aka zana da gawayi a ƙasa kuwa, yaro ya tsaya kan −3, ya yi taku biyar gaba, ya sauka kan 2. Mutum ɗaya ke tafiya, sauran na hamma. Ni murafen nake fara fitarwa.